Sharhi: Jinyar ciwon damuwa aikin gayya ce, to wa zai ciyar da ƴan gayya?

Duk wanda ya taɓa zama a rumfar jira ta gidan likita ranar kasuwa ya san irin majinyacin da ake nufi a nan. Yakan zo da ciwon kai wanda ba ya tafiya, da mutuwar jiki, da rashin barci, abinci kuma ba ya yi masa daɗi. An auna jininsa ba a sami zazzaɓin cizon sauro ba. An ba shi maganin ciwon kai da ƙwayar ƙarin jini, ya biya kuɗin tikiti, ya koma gida. Bayan mako uku ga shi ya komo da kukan da ya zo da shi da farko. A gida kuwa an fara cewa iska ce, wasu su ce sammu, wasu ma su ce ƙyuya ce kawai. Sau da yawa abin da ke damun wannan bawan Allah shi ne cutar da likitoci ke kira ciwon damuwa, watau baƙin cikin da ke zaune wa mutum a zuciya makonni da watanni, har ya raba shi da gona da kasuwa da kula da iyali, wani lokaci ma ya kai shi ga neman halaka kansa. Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 mutum wajen miliyan 280 ne ke fama da ita a duniya.

Cutar tana da magani, an kuma san hanyar da ta fi dacewa a bi da ita a ƙaramin asibiti. Abin da ya gagara a ƙasashe da yawa, masu arziki da matalauta, shi ne yadda za a biya masu aikin. Amurka ta daɗe tana kokawa da wannan tambaya, ta kuma bar lissafinta a rubuce, sabili da haka ya kamata a duba abin da ya same ta kafin a juyo ga gida.

Tun a 1995 wani likitan ƙwaƙwalwa mai suna Wayne Katon, na Jami'ar Washinton da ke birnin Siyatil, ya nuna cewa masu ciwon damuwa sun fi samun sauƙi idan likitan unguwa da likitan ƙwaƙwalwa suka haɗa hannu a kansu a asibiti guda. Daga baya dabarar ta zauna bisa duwatsun murhu uku. Na farko shi ne likitan unguwa, wanda majinyaci ya saba da shi, shi ke rubuta magani. Na biyu shi ne mai bin sawun majinyata, galibi malamin jinya ko ma'aikacin jin daɗin jama'a. Shi ke riƙe da rajistar duk masu cutar, yana kiran kowa ta wayar tarho ko ya zauna da shi, ya ji ko yana shan magani, ya koya masa dabarun warware abin da ya dame shi, ya kuma auna nauyin ciwon da wata takarda mai tambayoyi 9 wadda makinta ke tashi daga 0 zuwa 27. Na uku shi ne likitan ƙwaƙwalwa, wanda sau ɗaya a mako yakan zauna da mai bin sawu su bi rajista suna bayan suna. Wanda makinsa ya ƙi sauka bayan mako 10 ko 12, sai a ba likitan unguwa shawara ya sake masa magani ko ya ƙara. Mafi yawan majinyatan ba sa taɓa haɗa ido da wannan likita na uku.

An gwada wannan tsari babban gwaji a ƙarƙashin jagorancin Jürgen Unützer, a wani bincike da aka sa wa suna IMPACT, aka buga sakamakonsa a watan Disamba na 2002. Dattawa 1,801 ne suka shiga, masu shekara 60 zuwa sama, a ƙananan asibitoci 18 na jihohi 5. Bayan shekara guda, kashi 45 cikin 100 na waɗanda aka yi wa jinyar haɗin gwiwa ciwonsu ya ragu da rabi ko fiye, alhali a cikin waɗanda aka bari bisa hanyar da aka saba kashi 19 kaɗai suka sami haka. Zuwa 2012, da masana suka tattara gwaje-gwaje 79 na irin wannan jinya, waɗanda suka shafi mutum sama da 24,000, sun tarar da maganar tana nan daram. A fagen kiwon lafiya ba kasafai ake samun dabarar da shaidu suka taru a kanta haka ba.

Mai karatu zai zaci cewa kashegari duk asibitocin Amurka suka rungumi abin. Ina! Sai da aka yi shekara 14 da ƴan kwanaki kafin babban asusun gwamnatin ƙasar ya yarda ya biya shi.

Dalilin yana cikin yadda ake biyan likita a can. Asusun inshora yana biya ne bisa kowane zuwa: majinyaci ya shiga ɗaki, likita ya gan shi ido da ido, a rubuta lambar aikin a takarda, kuɗi ya fito. Aikin da ba shi da lamba ba shi da lada. A wancan lokaci kiran tarho ba shi da lamba, cika rajista ba ta da lamba, sa'ar da likitan ƙwaƙwalwa ya ɓata yana duba sunayen mutanen da bai gani ba ita ma ba ta da lamba. Alhali kuwa a cikin waɗannan ayyuka ne warakar take. Hausawa sun san gayya. Mai gona ya kira samari, kowa ya zo da hauyarsa, makaɗi yana bayansu, mata suna dama fura suna tuƙa tuwo. Da za a ce lada sai ga wanda ya nome kunya, a ƙidaya masa kunyoyinsa a biya shi, to makaɗi da masu fura za su tashi hannu rabbana, baɗi kuwa ba wanda zai amsa kiran gayyar. Haka ta faru. Kuɗin gidauniyoyin agaji ne suka ɗauki nauyin binciken, da wa'adinsu ya cika sai asibitoci da dama suka rasa inda za su samo albashin mai bin sawu.

Akwai kuma wani abin takaici a cikin lissafin. Da aka bi kuɗin jinyar wani kashi na dattawan nan har shekara 4, an ga aikin haɗin gwiwar ya ci dalar Amurka 522 a kan kowane mutum, amma jimillar abin da aka kashe wa lafiyarsa ta yi ƙasa da ta takwaransa da dala 3,363. (Dalar da ake faɗa a nan ta Amurka ce, kada a haɗa ta da dalar kasuwar Maraɗi mai tamma 5.) Mutumin da zuciyarsa ta kwanta yana shan maganin sukari da na hawan jini a kan kari, ba ya yawan kwanciya a babban asibiti. Sai dai ribar tana faɗawa ne a aljihun asusun inshora, ɗawainiyar kuwa tana kan ƙaramin asibiti. Wani da shuka, wani da girbi.

Jihohi biyu ba su jira gwamnatin tarayya ba, kuma abin da ya same su ya bambanta ƙwarai. A jihar Minesota, cikin 2008, kamfanonin inshora da asibitoci suka yi yarjejeniya a wani shiri mai suna DIAMOND, cewa za a riƙa biyan asibiti kuɗi dunƙule kowane wata a kan kowane majinyacin da ke cikin rajista. Dabarar biyan ta yi kyau. Amma da aka auna sakamako, aka buga a 2015, sai aka ga majinyata sun ji daɗin kulawar da aka yi musu, yawan waɗanda suka warke kuwa bai ɗara na sauran asibitoci ba. Wannan labari ne da masu sha'awar tsarin ba sa son tunawa, amma ya wajaba a faɗe shi. A jihar Washinton kuwa, inda aka kafa irin wannan shiri domin talakawa, hukuma ta ce daga 2009 za ta riƙe kashi 25 cikin 100 na kuɗin, ba za ta saki ba sai asibiti ya nuna yana bin sawun majinyata a kan lokaci, kuma yana kai wa likitan ƙwaƙwalwa maganar waɗanda ba su samu sauƙi ba. Kafin wannan sharaɗi sai an yi wajen mako 64 kafin rabin majinyata su sami sauƙi, bayansa abin ya komo mako 25. Kuɗin wata-wata yana buɗe ƙofa ke nan, amma sai an sa ido a kan abin da aka saya da shi.

Ranar 1 ga Janairu 2017 asusun Medicare, mai ɗaukar nauyin jinyar tsofaffi da naƙasassu, ya fito da lambobin biya domin wannan aiki. Lissafin na wata ne, ana ƙidaya mintocin mai bin sawu: minti 70 a watan farko, 60 a watannin da ke biye, da ƙarin minti 30 idan aiki ya yi yawa. Watan farko ya tashi dala 140 da ƴan kai. Likitan unguwa ke karɓar kuɗin, shi kuma ya sallami abokan aikinsa biyu. An yi murna, amma a shekaru biyu na farko waɗanda aka yi wa aiki da lambobin ba su kai ko 1 cikin 100 na masu bukata ba. Ƙaramin asibiti sai ya ɗauki ma'aikaci ya biya shi albashin watanni kafin rajista ta cika har kuɗi ya soma shigowa. Ƙidayar mintoci ta zama wani sabon aikin takarda, watan da mintocin suka gaza kuwa an yi aikin banza, har sai da aka ƙaro wata lamba ta minti 30 a 2021. Bugu da ƙari, majinyaci shi ke biyan kashi 20 cikin 100 in ba shi da wata inshorar, sai takardar bashi ta iske shi a gida a watan da ko ƙafarsa bai sa a asibiti ba. Asusun talakawa kuwa, Medicaid, kowace jiha da nata hukunci, wasu suka biya tun da wuri, wasu suka yi shekaru suna jan ƙafa.

Ƙasar Cile, a Kudancin Amurka, ta bi gajeriyar hanya. Bayan wani gwaji da aka buga a 2003, wanda aka yi da mata matalauta 240 a ƙananan asibitocin Santiyago, inda 70 cikin 100 suka warke maimakon 30, gwamnati ta sa ciwon damuwa a 2006 cikin jerin cututtukan da doka ta lamunce wa ɗan ƙasa jinyarsu. Asusun gwamnati ya ɗauki nauyin, ba a tsaya ƙidayar mintoci ba.

To me ya haɗa Nijar da wannan labari? Abu biyu. Na farko, in Amurka ta zaɓi jinyar haɗin gwiwa ne domin ta fi amfani, Nijar ba ta da wata hanyar sai ita. Likitocin ƙwaƙwalwa ƙalilan ne a ƙasa mai faɗin murabba'in kilomita 1,267,000, kuma sashen da kowa ya sani, Pavillon E na babban asibitin Yamai, yana nesa da Difa da fiye da kilomita 1,300. Tun 2015 da hare-hare suka tashi mutane daga garuruwansu a bakin Komadugu, daga baya kuma a Tillaberi da arewacin Tawa da kudancin Maraɗi, yawan zukatan da ke ɗauke da nauyi ya ƙaru. Ba za a kwashi waɗannan mutane a kai su Yamai ba. Majon cibiyar lafiya ta CSI da ungozoma da wakilin lafiya na ƙauye su ne za su gan su, ƙwararre kuma ya taimaka daga nesa. Wannan shi ne abin da OMS ta tsara a shirinta na mhGAP tun 2008, ta kuma fitar da littafin jagora a 2010 domin ma'aikatan da ba ƙwararru ba. Magungunan ma, irin su amitiriftilin da fuluwoksetin, suna cikin jerin muhimman magunguna na hukumar, kuma ba su cikin masu tsada.

Na biyu, akwatin kuɗin cibiyar lafiya a nan yana da irin makantar da na Amurka yake da ita. Tun bayan taron Bamako na 1987, da dokar 1995 kan mayar da kuɗin magani, abin da ke shiga akwatin cibiya yana zuwa ne daga tikitin wanda ya tako da ƙafarsa. Tsarin ya dace da zazzaɓi da gudawa, cututtukan da ake gamawa da su a kwana uku ko biyar. Ciwon damuwa kuwa ba haka yake ba. Ƙwayar takan yi makonni kafin a ji amfaninta, ana kuma ci gaba da sha watanni da dama bayan an sami sauƙi. Ita cutar da kanta tana kashe wa mutum niyyar fita, tana kuma tsayar da sana'ar da zai samo kuɗin tikiti da ita. Idan aka ce sai ya zo kuma sai ya biya, zai zo sau ɗaya ko biyu ya ɓace, a rubuta a rajista cewa ya daina zuwa. Wanda zai hau babur ya je ya nemo shi, da wanda zai sa kati a waya ya kira shi, da ƙwararren da zai ba da sa'a guda ran Laraba yana sauraron majo, duka ba su da gurbi a takardar lissafi. Ana horar da ma'aikata, a raba takardun shaida, a ɗauki hoto, ƙungiyar agajin da ta biya horon ta naɗe tabarmarta bayan shekara uku, aikin kuma ya bi ta.

Abin sha'awa shi ne ƙasar nan ta taɓa gwada amsar da kanta. A 1993, kafin a yi dokar, an gwada hanyoyi biyu. A gundumar Sayi babba yana biyan sefa 200, watau dala 40, duk lokacin da ciwo ya kai shi likita, yaro kuma sefa 100. A gundumar Boboye kuwa kowane mai biyan haraji ya ba da sefa 200 a shekara, ranar ciwo sai babba ya biya sefa 50 kawai, yaro 25. An bar Illela bisa tsohon hali domin a kwatanta. A Boboye, inda masu lafiya suka tara wa marasa lafiya tun kafin ciwo ya zo, zuwan jama'a likita ya ƙaru sosai, musamman matalauta. Duk da haka biya a bakin ƙofa ne ya game ƙasa. Waɗanda ke tsara inshorar lafiya ta kowa da kowa a yau za su amfana idan suka kakkaɓe ƙurar wannan rahoto.

Akwai darasi na daban a cikin jinyar kyauta da aka kafa wa masu haihuwa ta hanyar fiɗa a 2005, da yara ƴan ƙasa da shekara 5 a 2006. Niyyar ta alheri ce, iyaye mata kuma sun amsa kira. Amma masu bincike na cibiyar LASDEL ta Yamai sun nuna yadda takardun neman biya suka riƙa kwana watanni, wasu har shekaru, kafin baitulmali ya sallame su, ɗakunan magani suka bushe, aka koma rubuta wa mutane takarda su je su saya a waje. A 2024 hukumomi sun rage kuɗin jinya a asibitocin gwamnati da rabi, abin da talaka ya yi maraba da shi. Sai dai duk lokacin da tikiti ya ragu, dogaron cibiya ga baitulmali yana ƙaruwa, kuma ranar da kuɗin zai iso ta zama daidai da yawansa wajen muhimmanci. Ƙididdigar OMS ta nuna cewa gwamnatocin duniya, a tsakaice, kashi 2 cikin 100 kacal na kasafin lafiya suke ware wa lafiyar ƙwaƙwalwa. Wanda rabonsa ya ƙanƙanta haka, in an makara masa ma, ya tashi a tutar babu.

Za a ce ƙasar da ke fama da zazzaɓin cizon sauro da tamowa da ƙyanda ba ta da sararin wannan magana. Ƙorafin yana da nauyi, ba a raina shi ba. Amma uwar da ciwon damuwa ya kwantar ita ce dai uwar da ake jira ta kawo yaro awo da rigakafi, mai tarin fuka da ya yanke ƙauna shi ne mai barin magani a wata na uku. Kuma kuɗin ana kashe shi tun yanzu, sai dai a inda ba ya amfani: a awon jini da ake maimaitawa, da ƙwayoyin da ba na cutar ba, da akuya da hatsin da iyali ke sayarwa suna yawon neman waraka.

Abin da ya kamata a roƙi Ma'aikatar Kiwon Lafiya da ta Kuɗi ba shi da yawa. A zaɓi gunduma biyu ko uku, kamar yadda aka yi a 1993. A biya cibiyar lafiya kuɗi dunƙule a kan kowane majinyacin da ke cikin rajista kowane wata, ba tare da ƙidayar mintoci ba, domin majon da ke ganin mutum 60 a yini ba shi da lokacin riƙe agogo. A fayyace a cikin wannan kuɗi rabon mai bin sawu, da man babur, da katin waya, da magani, da ladan ƙwararren da zai duba rajista kowane mako daga asibitin jiha. A ba da kuɗin wata uku na farko tun kafin a fara, don kada cibiya ta ci bashi. Majinyaci ya biya tikitin ranar farko in ya zama dole, komawar da za ta biyo baya kuwa a ɗauke masa. A riƙe wani kashi sai an ga shaidar bin sawu, amma kada a ɗaura shi ga yawan waɗanda suka warke kaɗai, gudun kada a riƙa kauce wa masu ciwo mai nauyi. Takardar tambayoyin nan tara kuma a sa ta cikin Hausa da Zabarmanci da Fulatanci da Barbarci da Tamajak, a gwada ta da mutanen karkara kafin a buga, tun da galibin masu cutar da ciwon kai da zafin ƙirji suke bayyana ta. Gwamnonin jihohi da likitocin gunduma da kwamitocin kula da cibiyoyin lafiya su san ranar da kuɗin kowane wata zai sauka, a kuma buga wa jama'a sakamakon gundumomin a ƙarshen shekara ta biyu, ko ya yi daɗi ko bai yi ba.